Shawarwarin masu zane kan tambarin gahawa mai salon Sifaniya

Da aka tattauna yadda za a zana wa kamfanin gahawa tambari mai nuna gadon Sifaniya, abin da masu zane suka fara jan kunne a kansa shi ne hoton bijimi. Kowa shi yake fara tunawa, alhali baƙin bijimin nan da ke tsaye a gefen titunan ƙasar alamar kamfanin giya na Osborne ce tun shekarun 1950, kwaikwayonsa na iya jawo ƙara. Tambarin gwamnatin Sifaniya ma doka ta hana a sa shi a alamar kasuwanci ba izini.

Inda aka fi daɗewa shi ne zanen tayil na Andalus, irin wanda ke jikin fadar Alhambra a Granada da gidajen unguwar Triana a Sebiliya. Shawarar ita ce a ɗauki tauraro ɗaya mai kusurwa takwas, a sa ƙwayar gahawa a tsakiyarsa, a tsaya nan. Ni ma nan na karkata, don tayil ɗin cike yake da kwalliya, idan aka kwaso shi duka aka rage shi a jikin kofin takarda sai ya dagule.

Batun launi kuwa an rabu. Wasu na son ja da rawaya na tuta, wasu suka ce kan marufi sai ya yi kama da kayan ciye-ciye, gara shuɗi da fari ko jan ƙasa. An dai yarda a fara gwada tambarin da baƙi zalla, a buga shi daidai girman hatimi, kafin a zaɓi launi.