Jirgin monorel na wuraren shaƙatawa: tarago ne ke cin kuɗi ko titinsa?

Mai Lissafi: Assalamu alaikum. Ni a ganina tsadar monorel, wato jirgin da ke gudu bisa titi guda ɗaya tilo, irin na Disney tsadar kwalliya ce. Jirage 12 da kamfanin Bombardier ya ƙera wa Walt Disney World a Fulorida, waɗanda suka fara aiki tsakanin 1989 da 1991, kowanne ya ci kimanin dala miliyan 3.5. Tarago shida ne kacal a kowane jirgi. Da an rage dogon hancin nan da gilasai, an ƙanƙanta taragun, da ƙananan wuraren shaƙatawa ma sun iya sayen irinsa.

Injiniyan Gadoji: Wa alaikumus salam. Malam, ka duba lissafin da kyau. Jirage 12 a kan miliyan 3.5 sun kama miliyan 42. To titin fa? Tsawonsa ya haura kilomita 23, kuma kusan dukkansa gada ce. Kowane ginshiƙi sai an gwada ƙasar wurin an yi masa harsashi, a ƙasar Fulorida mai fadama kuwa sai an kafa turaku can ƙasa. Shi bim ɗin, wato dogon gungumen kankaren da ke bisa ginshiƙan wanda jirgin ke bi, ba a zuba shi yadda ake zuba kankaren rufin bene. A yadi ake zuba shi cikin ƙwarya ta ƙarfe mai lanƙwasuwa, domin kowace kwana da irin lanƙwasarta da karkatarta, sannan a ja wayoyin ƙarfen da ke cikinsa su ɗaure shi tamau. Samansa da gefunansa biyu su ne titin da taya ke bi, saboda haka kuskuren 'yan milimitoci kan zama jijjigar da fasinja zai ji har ƙarshen rayuwar layin. Nan kuɗin yake.

Hajiya Mai Zane: Ina bayan Injiniya, har zan ƙara. Girman tarago ba zaɓin mai zane ba ne, faɗin bim ne ke yanke shi. Jirgin yana zaune ne bisa bim kamar mahayi kan doki: tayoyin ɗaukar nauyi a sama, ƙananan tayoyi a gefe biyu suna riƙe shi kada ya kife. Na Disneyland a Kalifoniya, wanda aka buɗe ranar 14 ga Yuni 1959 bisa fasahar Alweg ta Jamus, faɗin bim ɗinsa kimanin santimita 51 ne. Na Fulorida na 1971, santimita 66. Na birnin Siyatil na 1962, wajen 90. Siririn bim ba ya ɗaukar tarago mai tsayi da faɗi, domin iska da kwana za su riƙa murɗa shi. Shi ya sa tun daga samfurin farko, Mark I, mai tarago uku har zuwa Mark VII na 2008 mai biyar, jirgin Disneyland bai taɓa yin ƙiba ba, tsawo kawai ya ƙara.

Mai Lissafi: Hajiya, ai kin ƙarfafa maganata. Siririn bim, kankare kaɗan, rodi kaɗan, ginshiƙi siriri. Ke nan ƙarami ya fi araha.

Hajiya Mai Zane: A kowace kilomita, e. A kowane fasinja, a'a. Jirgin Fulorida tsawonsa wajen mita 62 ne, yana kwasar mutum kimanin 360 saboda ana iya tsayawa a ciki. Na Kalifoniya rufinsa gajere ne, zama ake yi, ko rabin haka ba ya ɗauka. Kuma babu sararin sa na'urar sanyaya ɗaki a taragun fasinja, har akan dakatar da shi idan zafi ya tsananta. Wurin da jama'a ke fitowa gaba ɗaya bayan wasan wuta na dare, ƙaramin jirgi ba ya kwashe su.

Bakanike: Duk kun tsaya kan kuɗin gini, kun bar na kullum. Tayar roba ce irin ta manyan motoci, tana gudu bisa kankare tun safe har tsakar dare, tana cinyewa. Wuta kuma bolt 600 ce ta DC, ana ɗebo ta daga sandunan ƙarfe da ke manne a gefen bim, kuma takalman da ke gogar sandunan su ma kayan canji ne. Tayar gefe ta fi ban tsoro, don tana ɓoye ƙarƙashin siket ɗin jirgi. Idan ta sace ba a lura ba, sai ta riƙa jan jiki a kankare har ta ɗau zafi. Haka gobarar Yunin 1985 ta tashi a tarago na ƙarshe na wani Mark IV, tsohon samfurin jirgin Fulorida, a layin da ke zuwa Epcot, ɗaya daga wuraren shaƙatawar Walt Disney World, fasinjoji suka hau rufi kafin 'yan kwana-kwana su sauke su, saboda bim ɗin ba shi da hanyar ƙafa a gefe. Duk mai son rage kuɗi ya san cewa na'urar gano zafi da ƙofar rufi ba kwalliya ba ne.

Injiniyan Gadoji: Oga, ka tuna min da wurin sauya layi. A jirgin ƙasa na yau da kullum siririn ƙarfe ne ke gotawa kaɗan. A nan gungumen bim ne mai nauyin tan-tan ke motsawa gaba ɗayansa, a kulle shi, a tabbatar ya kullu kafin jirgi ya taka. Tsadarsa ce ta sa ake zana layukan nan a zagaye. Hatsarin 5 ga Yuli 2009 a Fulorida ma a nan ya faru: an ba direba izinin ja da baya alhali ba a juya bim ba, ya koma kan layinsa ya daki jirgin da ke bayansa, direban wancan ya rasu.

Mai Lissafi: Allah Ya kiyaye. Na karɓi maganar titi. Amma ban sauka daga cewa sunan Disney na ƙara farashi ba. Ba a sayen jiragen a kasuwa, sai an ƙera musu nasu daban.

Hajiya Mai Zane: Wannan gaskiya ne, sai dai ba sunan ba ne, ƙarancin adadi ne. Kuɗin zane da ƙwarya da gwaji duk a kan jirage 12 za a raba shi. A Tokiyo, layin Disney na 2001 mai kilomita 5 ya ɗauki tsarin Hitachi da biranen Japan ke amfani da shi: daɓen tarago yana saman tayoyi, shimfiɗe, ana ratsawa daga tarago zuwa tarago, kayan gyara kuma akwai su. Farashin hakan shi ne jirgi mai tsayi da bim mai kauri.

Injiniyan Gadoji: Malam, ga gwajin da ya fi kusa da tambayarka. A 1995 Las Begas ta fara da tsofaffin Mark IV guda biyu da aka sayo daga Disney, ke nan jirgi ya zo da sauƙi. Da aka faɗaɗa layin zuwa kilomita 6.3 a 2004, da tashoshi bakwai da hanyar ƙafa ta gaggawa da kuɗin ruwan bashi, aikin ya kai dala miliyan 650. Kamfanin ya shiga fatara a 2010, ya sake a 2020. Disney kanta ba ta ƙara layin monorel a Fulorida ba tun na Epcot a 1982. Da ta so haɗa wasu otal-otal a 2019, keken igiya mai rataye a sama na Skyliner ta kafa.

Mai Lissafi: To a kawo min kuɗin kilomita ɗaya ta siririn bim shi kaɗai, ba tasha ba bashi. Las Begas tsakiyar birni ce, ana kauce wa bututu da wayoyi da filayen mutane. Wurin shaƙatawa filinsa ne na kansa, kuma wannan bambancin ba ƙarami ba ne.