PDF ko EPUB: da wanne kuka fitar da littafinku, kuma ya kuka ƙare?

Maman Ilham, Pantami: Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Na gama labarina, shafi 240 a Word, ina so in fara sayarwa ta WhatsApp. Ƙanena ya matsa in mayar da shi EPUB, wai shi rubutunsa bin faɗin waya yake yi. Ni kuwa PDF kaɗai na sani, wanda shafinsa ba ya motsi. Don Allah wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa mini abin da ya same shi.

Anti Hajjo, Jekadafari: Wa alaikumus salam ƙanwata. Littafina na farko PDF na yi a girman A4, yadda mai shagon kwamfuta ya tsara mini. A kwamfuta tsaf da shi. Da ya shiga waya sai rubutun ya koma kamar tururuwa. Mata suka yi ta ƙorafi: sai an buɗa da yatsu, a ja dama, a dawo hagu, kowane layi. Wata Hajiya mai ciwon ido ta ce in dawo mata da kuɗinta, ban ga laifinta ba. Na biyu na yi EPUB, mutum ya ƙara girman harafi yadda ya ga dama, layukan su sake jeruwa da kansu, har baƙin allo na karatun dare akwai. Amma fa kusan rabin masu saye sun kira ni wai fayil ya ƙi buɗuwa, domin wayarsu ba ta da manhajar. Kwana uku ina koya wa mutane sauke ReadEra ko Google Play Books. Yanzu biyun nake turawa, kowa ya ɗauki nasa.

Malam na Kashere: Anti, ku masu labari kuna da zaɓi. Ni takardun darasin lissafi nake rabawa, da jadawali da zane. Na taɓa juya ɗaya zuwa EPUB da manhajar kwamfuta mai suna Calibre, jadawalin ya wargaje, zanen shafi na 12 ya koma can ƙarƙashin wata tambaya daban. Ga shi in na ce wa ɗalibai "ku buɗe shafi na 30", kowa nasa 30 ɗin daban, tunda girman harafinsu ba ɗaya ba ne. Na koma PDF. Dama don haka Adobe ta ƙirƙiro shi a 1993, takarda ta fito iri ɗaya a kowace na'ura, ɗalibi kuma ya kai shago a buga masa ba tare da komai ya goce ba.

Ɗan Bajoga: Ba wanda ya taɓo haruffa masu ƙugiya. Ni a nan na sha wuya. Kundin waƙoƙina a EPUB, wani abokina ya turo mini hoton wayarsa, duk inda ƙ, ɗ ko ɓ suke sai ɗan akwati. "Ƙasa" ta rasa kanta! Ashe salon harafin da manhajarsa ke amfani da shi ba shi da su. Sai da na buɗe fayil ɗin a Sigil, manhajar gyaran EPUB, na cusa nawa harafin a ciki, tunda EPUB a asali shafukan HTML ne, irin na yanar gizo, aka ƙunshe wuri guda. Duk da haka dogon ɗango yana karyewa gida biyu a ƙaramin allo, amsa-amo ya faɗo tsakiyar layi. Baitocin ajami kuwa ban ma sake gwadawa ba, PDF na bar su.

Malam na Kashere: Akwai EPUB mai tsayayyen shafi ma, a cikin tsarin EPUB 3 aka tanadar da shi, masu littattafan yara da hotuna suna amfani da shi. Sai dai ba kowace manhaja ke nuna shi daidai ba.

Yaya Asabe, Kumo: Maman Ilham, ga dabarata. Kafin in adana a PDF, sai in rage takardar a Word zuwa A6 (kwatan girman A4), harafi 12, gefe siriri. Shafuka sukan ninka kusan sau huɗu, amma a waya ana karantawa ba sai an buɗa ba, kuma ba wanda zai ce ya ƙi buɗuwa. Kar dai ki yarda a buga a takarda sannan a yi sikanin. Wannan hotuna ne zalla, zai cinye wa mutane data, ba kuma a iya neman kalma a ciki.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan gwada A6 ɗin a wayar Umma, tata ce mafi ƙanƙantar allo a gidan. Anti Hajjo, in kin samu sarari gobe bayan la'asar zan leƙo da kwamfutar ki nuna mini na EPUB ɗin.

Anti Hajjo: Ki zo da ita cike da caji, kwana biyu ba mu ga wuta ba.