Fina-finan mashaya jini: da wanne za a fara?

Da muka zauna hira kan abin da ke jan mutum ga fina-finan mashaya jini, kusan kowa ya ce ba jinin ba ne, jiran ne. Baƙo ya tsaya bakin taga cikin dare, ba ya gaggawa, ya sunkuya har leɓensa ya kusa taɓa wuyan mace, ita kuma ta lumshe ido. Tsoro ne ko so? Nan daɗin yake.

Shawarar da ta fi yawa ita ce a fara da tsofaffin. A fim ɗin Dracula na 1931, Bela Lugosi, ɗan wasan da ya fito a matsayin mashayin jinin, da ido da murya kaɗai yake kama mutum. Wasu sun fi son Christopher Lee a matsayin Dracula a fim ɗin 1958 mai launi, inda jan jinin ya fito fili. Ni dai zuciyata na kan Dracula na 1992 na darakta Francis Ford Coppola, saboda jajayen tufafin nan da suka kawo wa mai tsara su, Eiko Ishioka, lambar yabo ta Oscar.

An kuma ce a kalla da dare, a kashe fitila, a ajiye waya, bayan yara sun yi barci.