Ruwan indararo a bututun ƙazanta: laifi ne ko neman tara?

Malam Habu: Salamu alaikum jama'a. An kawo mini takarda wai in cire bututun da ke kai ruwan rufin gidana cikin bututun ƙazanta na gari, in ba haka ba a ci ni tara. Ni dai na ce wannan doka ba ta da kan gado. Ruwan sama ne fa, tsarkakakke. In ma wani abu zai yi, wanke bututun zai yi. An bar najasa ta wuce, sai ruwan Allah za a tare? Neman kuɗi ne kawai.

Tanko: Gaskiyarka, Malam. Ai ko a Landan ruwan sama da na banɗaki bututu ɗaya suke bi.

Injiniya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Habu, ba tsabtar ruwan ake ji ba, yawansa ake ji. Mu yi lissafi. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. In rufinka murabba'in mita 100 ne, aka yi ruwa milimita 25, ka tara lita 2,500, wataƙila cikin awa guda. Gida mai mutum shida kuwa, ko kowa ya ɓatar da lita 100, lita 600 ce, kuma a wuni guda cur, kaɗan-kaɗan. Ka ga rufinka kaɗai ya zuba na gida huɗu a lokaci ɗaya. To bututun layinku an auna faɗinsa ne da ruwan wanka da wanke-wanke da banɗaki. In gida ashirin suka yi yadda ka yi, ina ruwan zai bi?

Malam Habu: Ya bi inda sauran suke bi mana, Injiniya.

Hajiya Larai: Gidana yake bi, Malam. Ni ce a gangare, ƙarshen layi. Daminar da ta wuce, cikin dare ana ruwa, na ji makwararar banɗaki tana ɓulɓul kamar tukunya a wuta. Kafin in kunna fitila baƙin ruwa ya taso ta ramin wanka, ya bi ƙarƙashin ƙofa ya shiga ɗakin jikokina. Katifa biyu na zubar, da littattafan makarantarsu. Sati guda muna wanke ƙasa da magani, warin bai fita ba. Ƙaramar ta kwana uku tana gudawa. Wanda ke kan tudu bai san an yi ba, shi dai tsakar gidansa ta bushe. Don Allah kada a ce mini ruwa mai tsarki ne, ni na ga yadda ya iso.

Malam Habu: Subhanallahi. Allah ya tsare gaba, Hajiya. Ban san haka ta faru ba.

Injiniya Rabi: Tanko, maganar Landan gaskiya ce, amma ka faɗi rabi. Manyan bututun da injiniya Joseph Bazalgette ya gina bayan warin da ya addabi birnin a 1858 haɗe suke, ruwan sama da ƙazanta tare. Shi ya sa aka yi musu kafofin da in sun cika za su amayar cikin kogin Thames, kuma haka suka yi ta yi har zamaninmu, sai da aka haƙa wani ƙaton rami mai tsawon kilomita 25 don ya riƙa tare ambaliyar. Sababbin unguwanni a yawancin birane layi biyu ake yi musu, na ruwan sama daban, na ƙazanta daban. Akwai kuma matatar ruwan ƙazanta, inda bututun ke kai shi. Ƙwayoyin halitta ne ke cinye dattin a can, kuma suna bukatar lokaci. In ruwa ya yi yawa ya wuce da sauri, ƙazanta ta fita kogi ba ta gama tacuwa ba. Kuɗin wutar injinan turo ruwan kuwa kowa ke biya.

Tanko: To na ji. Amma me ya kawo neman izini da biyan kuɗi kafin mutum ya haɗa bututun gidansa da na gari? Bututu a ƙofar gidanka, sai ka cika takarda?

Garba mai aikin famfo: Yallaɓai, bari in faɗa maka abin da nake tararwa in an kira ni toshewa. Mutum ya sa a fasa babban bututu da guduma cikin dare, a cusa nasa, a toshe gefe da siminti, a mayar da ƙasa. Bakin nasa ya leƙa ciki kamar tsawon yatsa. Nan tsumma zai maƙale, maiƙo ya daskare a kai, yashi ya biyo ta tsagar, saiwar bishiya ta samu hanya. Shekara ba ta cika ba layin ya toshe. Dalilin da ya sa doka ta ce kada a rufe ramin sai mai dubawa ya gani ke nan: ya ga mahaɗar, ya ga gangaren, ya ga an bar wurin zura sandar yasa. Kuma a daina ganin ba za a gane ba. Hayaƙi ake hurawa cikin bututun, duk gidan da ya fito ta indararonsa an san abin da ya yi. Wani lokaci ruwa mai launi ake zubawa a rufi, a buɗe murfin titi a jira shi.

Malam Habu: Na karɓi lissafin Injiniya, kuma maganar Hajiya ta taɓa ni. Amma ban janye gaba ɗaya ba. Tsakar gidana siminti ce, titinmu kuma ba a yi masa magudanar ruwan sama ba. In na cire, ruwan zai kwanta a gindin katanga, ko ya shiga gidan maƙwabci. Hukumar da ta iya kawo takardar tara, me ya hana ta kawo magudana? Doka ai ba talaka kaɗai ta hau ba.

Injiniya Rabi: Nan kam ina bayanka, kuma ya kamata mu rubuta musu tare, da sa hannun duk layin. Amma kafin su motsa, sa tanki a ƙarƙashin indararon, rarar ta tafi ramin tsotse ruwa da aka cika da tsakuwa, nesa da harsashin gini. Ka kuma je ka nemi ƙarin wa'adi a rubuce tun kafin ranar ta cika.

Garba mai aikin famfo: Hajiya, ke kuma akwai wani murfi da ake sa wa bututun gida, ruwa ya fita amma ba ya dawowa. A tambayi hukuma ko ana neman izininsa, in sa miki kafin damina.

Hajiya Larai: Allah ya yi maka albarka, Garba. Malam Habu, kawo takardar in fara sa hannu. Amma bututun nan naka, ina roƙonka, kada ya kai ruwan farko.