Abin da aka tattauna a kan jirgin Moth na Ingila

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar muhawara da aka tafka a kan tarihin wannan ƙaramin jirgin sama da dalilin yaɗuwarsa.

1. Babu saɓani cewa Geoffrey de Havilland, wanda ya tsara jirgin, shi ne ya fara tashi da shi a ranar 22 ga Fabrairu, 1925. Jirgi ne na katako mai ɗaukar mutum biyu, an lulluɓe fukafukansa na sama da na ƙasa da yadi, ana kuma naɗe su a jikinsa har ya shige ƙaramar rumfa.

2. A kan dalilin yaɗuwarsa ne aka rabu. Mafi yawa sun danganta ta da tallafin gwamnatin Birtaniya ga ƙungiyoyin koyon tuƙin jirgi, wasu kuwa suka ce injin Gipsy da aka sa masa daga baya ne sirrin, suna kafa hujja da tafiyar da matuƙiya Amy Johnson ta yi ita kaɗai zuwa Ostareliya a 1930 a cikin Moth mai wannan injin. A ganina hujjar farko ta fi ƙarfi, domin jirgin ya karɓu tun kafin zuwan injin.

3. An yarda cewa jirgin Tiger Moth na 1931 daga Moth ya samo asali, sai dai an matsar da fiffiken sama gaba, domin wanda ke kujerar gaba ya iya dira da laima.