Nazarin laifuka da halayyar ɗan Adam a digiri ɗaya: in shiga?

Autar Hajiya: Assalamu alaikum. Kawuna da ke Ingila ya turo min bayanin wani kwas na shekara 3, kiriminoloji (nazarin laifuka) haɗe da saikoloji (nazarin halayyar ɗan Adam). Ni dai tun ranar da aka kama ɗan maƙwabcinmu da satar waya, yaron da muka yi Islamiyya tare, nake son sanin abin da ke juya mutum haka. Baba kuwa cewa ya yi, duk wannan kuɗi don ki dawo ki zama 'yar sanda? Don Allah wanda ya san kan abin ya haska min.

Ɗan Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, fara duba ko ƙungiyar masana saikoloji ta Birtaniya, BPS, ta amince da kwas ɗin. In ba ta amince ba, sai kin ƙara wani kwas kafin a bar ki ki ci gaba a fannin. Sannan ki cire fim daga ranki, ba duban fuskar ɓarawo za a koya miki ba. Lissafin ƙididdiga ne jibgi, ni SPSS, manhajar kwamfuta da ake yin lissafin da ita, ya kusa sa ni kuka. Amma akwai daɗi. Za ki karanta gwajin da masaniyar saikoloji Elizabeth Loftus ta yi a 1974: ta nuna wa mutane bidiyon karon motoci, ta sauya kalma ɗaya tak a tambayarta, bayan mako guda wasu suka ce sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi. Tun daga nan na daina saurin gaskata mai cewa "da idona na gani".

Tsohon Gandiroba: 'Yata, ki gaida Baba, ki ce masa aikin ya wuce ɗan sanda. A 2019 aka mayar da sunan gidan yari gidan gyaran hali a Najeriya, amma gyaran wa zai yi? Yawancin na ciki jiran shari'a suke. Na kwana gadin yaron da taramol ke sakinsa, yana karkarwa, gumi sharkaf, yana kiran uwarsa. Ni kuma mukulli da kulki kaɗai ke hannuna.

Maman Biyu: A gida ma ana yi, sai dai rabe suke. Kiriminoloji a Jami'ar Tarayya ta Dutse, saikoloji a Jos, shekara 4 kowanne.

Autar Hajiya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba, BPS ta amince da shi. Lissafin ne ya tsaya min a rai, C6 na samu a WAEC, shi ma da kyar.