Neman kalma: yaya za a ce “swing plane” a darasin ƙwallon lambu?

Halima
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai aikin fassara da zan miƙa ranar Alhamis da azahar, takardar darasin ƙwallon lambu ce, wato golf, mai shafi huɗu, za a raba wa yara masu ɗaukar jaka da suka fara koyon bugu. Wuri uku na cije. Na farko “swing plane”, wanda na'urar fassara ta mayar mini “jirgin lilo”. Na biyu “impact”. Na uku, takardar tana rarrabe “arm” da “hand” a kusan kowane layi, mu kuwa duk hannu ne. Abin da za a faɗa wa yaro a fili ya gane nan take nake nema. A taimaka.

Koci Bala
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, a ga abin tukuna kafin a raɗa masa suna. Kan sanda ba ya sauka a tsaye kamar taɓarya, ba ya kuma zagayawa a kwance kamar fankar sama. Zagaye yake yi a karkace, ƙasan zagayen yana wajen ƙwallo, samansa yana bayan kafaɗa. Wannan karkatacciyar shimfiɗar ake nufi. Ben Hogan, shahararren ɗan wasan ƙwallon lambu na Amurka, a littafinsa na 1957 ya kwatanta ta da faffaɗan gilashi da aka jingina daga ƙwallo zuwa kafaɗun mai bugu, aka huda shi kansa ya fito ta ciki, ya ce in ana ɗaga sanda hannu ya bi ta ƙarƙashin gilashin kada ya fasa shi. Kuma karkatar ba ɗaya ba ce ga kowace sanda. Direba, wato doguwar sandar nan, tana kwantawa wajen digiri 45 zuwa 50 daga ƙasa. Ƙarfe mai lamba 6, wato sanda mai kan ƙarfe, yana miƙewa zuwa wajen 60, don gajere ne, kusa da ƙwallo kake tsayawa. To duk kalmar da za a kawo, sai ta yarda a ce “ta kwanta” ko “ta miƙe”. In ba ta ɗauki waɗannan biyun ba, ba za ta koyar ba.

Sadiya
Layin sanda, ko hanyar sanda.

Koci Bala
A'a, ki ajiye wannan, za a buƙace ta. Akwai inda kan sanda ya dosa a daidai lokacin da ya sami ƙwallo: daga ciki, wato ɓangaren mai bugu, zuwa waje, ko daga waje zuwa ciki. Wancan shi ne hanya, ni turba nake so a ce. In aka ba su suna ɗaya, shafi na uku zai rikice mata, don na san can za a yi maganar ƙwallon da ke lanƙwasa dama.

Malam Habu
Kalmar tana nan tun da daɗewa, ba sai an ƙirƙira ba: falaki. Falakin sanda. Abu ne mai zagaya cibiya a kan tafarki guda, yadda wata ke zagaya duniya, ga shi kuma falakin ma a karkace yake. Kalma ce mai nauyi, ta dace da rubutu. “Swing” kuwa lilo ne. Falakin lilo.

Uwar Biyu
Allah ya gafarta Malam, yaron da ke ɗaukar jaka in ka ce masa falakinka ya kwanta, me zai gyara? Ni faifai na gani tun da Koci ya fara bayani. Faifan rufe ƙwarya. Ka jingina shi da bango: ga zagaye, ga shimfiɗa, ga karkata. Ka ja gindinsa baya ya kwanta, ka tura shi ya miƙe. Faifan lilo.

Koci Bala
Hajiya, kin kawo ta. Har ma akwai abin da faifai zai nuna wanda baki ke wahalar faɗa. Ku ɗauki faifai ku jingina, gindinsa ya taɓa ƙasa a wuri ɗaya, ku bi bakinsa da yatsa daga sama ta dama. Kafin yatsa ya kai ƙasa yana sauka ne, yana kuma fita waje. Da ya wuce ƙasan, sai ya fara hawa yana komowa ciki. Haka kan sanda yake. Shi ya sa da ƙarfe, tunda ana samun ƙwallo kafin sanda ta kai ƙasan zagayenta, turbar takan ɗan dosa dama ga badame. In ƙwallo ya yi gaba da yawa a tsakanin ƙafafu, sanda za ta same shi tana komowa hagu, yaro ya yi ta gyaran hannu alhali wurin ajiye ƙwallo ne matsalar.

Malam Habu
Ba na musun misalin, amma misali daban, suna daban. Faifai a kunnen yaran yanzu bidiyo ne. A rubuta “faifan lilo” kowa zai ɗauka faifan bidiyon mai bugu ake nufi. Falaki ba ya da kishiya.

Ɗanladi
Ba ya da kishiya don ba mai amfani da shi. Kuma Larabci ne. Duk sanda aka zo neman kalma sai a ruga Larabci kamar Hausa ba ta da komai a rumbunta. Muna da faifai, muna da jinka, muna da gangare. Har yaushe za mu riƙa aro alhali ga namu a rataye?

Malam Habu
Ɗanladi, littafi da alƙalami da darasi da ka sani duk daga can suke, kuma ba wanda ya ce ba Hausa ba ne. Kalmar da ta kwana ɗaruruwan shekaru a bakin malamanmu ta zama 'yar gida. Abin da nake gudu shi ne a mayar da kowane ilimi kayan madafa, a ce Hausa ba ta iya maganar kimiyya sai da ƙwarya da faifai.

Uwar Biyu
Malam, wannan maganar ba ta yi mini daɗi ba. Me faifai ya rasa? Mai saƙa shi lissafin zagaye take yi da hannunta.

Injiniya Umar
Ku yi haƙuri in faɗi gaskiya. A filin Kaduna ko na Kano ko Rayfield na Jos, wanda ya biya kuɗin shiga ƙungiya da Turanci yake maganar wasan. Yaron da aka koya wa faifai zai je gaban manya ya rasa abin cewa. A rubuta “suwin filen” kawai yadda muka karɓi fenariti da kwana a ƙwallon ƙafa. Ni ko “ƙwallon lambu” ɗin ma ban so ba, golf ba a lambu ake yin sa ba.

Ɗanladi
To ga shi nan. Wato Hausa ta masu ɗaukar jaka ce, Turanci na masu jaka.

Injiniya Umar
Ban faɗi haka ba. Cewa na yi kada a raba yaro da harshen da zai ci abinci da shi.

Koci Bala
Yallaɓai, Hogan da muka ambata da ɗaukar jaka ya fara yana ɗan shekara 11 a Texas, ba abin raini ba ne. Yaron zai tsinci Turancin a fili cikin wata guda, kunnensa na jin sa kullum. Abin da ba zai tsinta ba shi ne ma'anar. “Filen” a kunnensa jirgi ne ko yadi marar ado, babu abin da zai sa ya gyara kafaɗarsa.

Halima
Don Allah a dawo, kwana biyu ya rage mini. Batun hannu fa?

Sadiya
Wannan mai sauƙi ne in aka daina neman kalma ɗaya. Hausa ta rarraba shi fiye da yadda ake zato: damtse daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, sangali daga gwiwa zuwa wuyan hannu, sai wuyan hannu, bayan hannu, tafi. Ki duba kowace jimla ki ga wane sashe ake nufi. Kuma kada ki rubuta hagu da dama, akwai bahagwai. Hannun gaba shi ne na ɓangaren da ƙwallo zai tafi, ɗayan hannun baya.

Koci Bala
Daidai. Ga yadda ya kamata su kasance a lokacin da sanda ta sami ƙwallo, ki gwada kalmomin a kai. Hannun gaba a miƙe, ba a sandare ba, damtsensa manne da ƙirji. Bayan hannun gaba a shafe yake da sangali, bai karye baya ba. Gwiwar hannun baya tana da sauran lanƙwasa, tana gaban ƙugu, ba a bayansa ba, wuyan hannun bayan kuma a karye baya. Mariƙi yana gaba da kan sanda kaɗan, wato ƙota ta jingina gaba. Mafi yawan nauyi a ƙafar gaba, ƙugu ya riga ya buɗe, wato ya juya wajen da ƙwallo zai tafi. Hannaye biyun ba sa miƙewa tare sai bayan ƙwallo ya tafi, kan sanda ya wuce wurin da kamar taku ɗaya ko biyu.

Kurakuran da ke ɓata wannan uku ne. Na farko, a fara saukowa da kafaɗar baya maimakon ƙugu: hannu ya fita waje, faifai ya miƙe, sanda ta faɗo kamar mai faskare ta yanki ƙwallo daga waje zuwa ciki. In fuskar sanda a buɗe take, wato tana kallon dama da wannan turbar, ƙwallo ya lanƙwasa dama. Na biyu, sakin wuyan hannu da wuri: kan sanda ya riga hannu isa, ƙasan zagayen ya koma bayan ƙwallo, ko ka kafci ƙasa ko ka aske kan ƙwallo. A busasshiyar ƙasar rani wannan ba ya yafiya, sanda tsalle za ta yi. Na uku, ƙirji ya daina juyawa, gwiwar hannun gaba ta ɓalle waje ta lanƙwashe don ta nema wa sanda hanya. Wannan na ukun yawanci ɗan na farkon ne, in ka gyara uban shi ma zai ragu.

Halima
Na ukun takardar ta kira shi fiffiken kaza.

Ɗanladi
Kada ki kwafo shi. Ki ce gwiwa ta ɓalle, yadda Koci ya faɗa ba tare da ya yi tunani ba. Na farkon kuma saran faskare.

Uwar Biyu
Saura “impact”. Karo?

Sadiya
Karo zai ci karo da “karo na biyu”, ga shi darasin cike yake da ƙirga. Gamo kuma kun san inda hankali zai tafi. Bugu kawai.

Koci Bala
Bugu ya yi, amma a kula. Fuskar sanda da ƙwallo ba sa haɗuwa fiye da kamar rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ba mai iya gyara komai a cikinsa. Yaron da aka ce wa “bugi ƙwallo” yakan tsaya a kan ƙwallon, hannu ya mutu a nan. Shi ya sa Turancin ya ce “through”. A rubuta sanda ta ratsa ƙwallo. Wurin kuma a kira shi wurin bugu.

Atisayen da zai bi bayan wannan, in babu a takardar ki roƙi a sa. A shimfiɗa tawul tafi ɗaya a bayan ƙwallo, a buga da ƙarfe 7 ba a taɓa shi ba. Kaftar ƙasa ta fito a gaban inda ƙwallo yake. A ajiye hular sanda a waje da ƙwallo, ɗan baya kaɗan. Mai saran faskare sai ya doke ta. A maƙale safar hannu a hammatar gaba, a yi rabin lilo, hannu ya kai tsayin ƙugu baya ya kai tsayin ƙugu gaba, ƙwallo 20, kada ta faɗi. In za a ɗauka da waya, a tsaya a bayan mai bugu taku huɗu, wayar a tsayin hannunsa kuma a saitin hannun. In aka ɗaga ta zuwa fuska ko aka goce gefe, faifai mai kyau ma zai fito a karkace. Abin dubawa: sanda ta yi kwance da ƙasa wajen saukowa, kanta ya rufe hannu ko ya ɗan kasance a bayansa. In ya fito gaban hannu, faskare ne.

Malam Habu
Kun ga Koci ya ce a ɗauka da waya, ya kuma ce faifai a jimla ɗaya. Abin da na faɗa ke nan. Falakin lilo ba zai jawo wannan ba.

Injiniya Umar
Lilon ma ban gamsu ba. Lilo da kansa yake tafiya, wannan kuwa da ƙarfin ƙafa da ƙugu ake kora shi.

Uwar Biyu
Hannu ai lilon ake so ya yi, ƙugu ne mai turawa. Ga mai koyo wannan ma riba ce.

Halima
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da zan miƙa. Faifan lilo, da zanen faifan ƙwarya jingine a shafin farko, kuma duk inda ake nufin ɗauka da waya zan rubuta bidiyo zalla, ba faifan bidiyo ba. Turbar sanda. Wurin bugu, ratsa ƙwallo. Hannun gaba, hannun baya, damtse, sangali. Turancin kowanne zai fito sau ɗaya a ƙarshen takardar saboda maganar Injiniya. Ga jimlar gwaji: “Fara saukowa da ƙugu, bar gwiwar hannun baya ta faɗo gaban ƙugunka, faifai zai kwanta da kansa, sannan ka ratsa ƙwallo har hannayenka biyu su miƙe.”

Malam Habu
Jimlar ta yi. Na bari saboda yara ne kuma lokaci ya ƙure, amma in za a yi ƙamus ban janye falaki ba. Ki sa shi ko a ƙasan shafi ne.

Ɗanladi
Kada ki sa.

Koci Bala
Cire “da kansa”, ƙanwata. Ba ya kwantawa da kansa in riƙon ya yi tsauri. Ki ƙara “sassauta riƙo” a farkon jimlar.